Yaya, ga amsar tambayarka kan waƙar walimar nan

Yaya ina wuni, ya su Umma. Na ga saƙonka kan bidiyon walimar gama sakandaren 'yarka, wai ya aka yi ana tsaka da waƙoƙin gida sai DJ ya saki ta Turanci har mu iyaye muka miƙe, ko mun zama Turawa ne. Wallahi sai da na yi dariya.

To bari ka ji yadda muke yi a nan Newark ta Amurka. Taronmu hawa biyu ne, da farko malam ya yi addu'a a shafa fatiha, a ci waina da tuwo, 'yan uwanmu na zangon Ghana da ke Bronx su ma su zo da kulolinsu, in manyan maza sun watse sai a bar wa mata da yara fili. Kuma maƙwabtanmu baƙaƙen Amurka muna gayyatarsu don su ma ba sa sha'ani babu mu, ka ga kuwa ba ka kira mutum ya zauna yana kallon bakinku har a tashi ba, dole a sa mai abin da zai taka.

Matar da ka ji sunanta Lauryn Hill, 'yar South Orange ce, nan kusa da mu. Da tana ƙungiyar Fugees ita da Wyclef Jean da Pras, sai a watan Agusta 1998 ta fitar da kundinta na farko ita kaɗai, The Miseducation of Lauryn Hill, lokacin shekararta 23 kacal. Satin farko aka sayi kwafi sama da dubu 400, a 1999 kuma ta kwashe lambobin yabon waƙa na Grammy 5 a dare ɗaya har da na kundin shekara, wanda kafin ita ba wani kundin hip hop da ya taɓa ci. Abin da ke ba yaranmu daɗi ma, tsakanin waƙoƙin akwai muryar wani malami yana hira da ɗalibai kan soyayya, to malamin nan Ras Baraka ne, wanda ya zama magajin garinmu a 2014. Shi ya sa 'yan nan suke ji kamar kayan gidansu ne.

Mu iyaye kuwa dalilinmu daban. Waƙoƙin da yaran nan ke kwasowa a waya wasu ko kare ba zai ci ba, amma wadda aka sa a walimar, Doo Wop, jan kunne ce, 'yan mata su kama mutuncinsu samari su daina yaudara. Akwai To Zion da ta yi wa ɗanta, jikan Bob Marley, inda ta faɗi yadda aka ba ta shawara ta zubar da cikin kar sana'arta ta tsaya, ta ƙi. Ni dai ranar da 'yarka ta fassara min ita sai da na share hawaye.

Ba wai na ce Lauryn ɗin malama ce ba fa, ita ma da nata halin, har yau ba ta sake shiga situdiyo ta yi cikakken kundi na biyu ba, ga makara wajen wasa kamar amaryar Kano. Kuma ana kiran magariba DJ ya kashe kayansa, wannan ba a bidiyon ba ne shi ya sa ba ka gani ba.

Ka ce wa Umma daddawa da kukar sun iso.