Me ya sa totur yake tauri idan an tayar da mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban tasi ne a Aboabo, nan Kumasi, kuma motata tsohuwar Corolla ce mai amfani da fetur. Idan tana kashe, totur yana sauka ba wahala, amma da zarar na tayar da inji sai ya yi tauri, musamman a farkon takawa. Fitana, wato makanikena, ya ce ba komai, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fitanka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maka bayani ba.

A irin motarka, waya ce take tashi daga totur zuwa maƙogwaron inji, inda take juya wani ɗan faifan ƙarfe da ke tare hanyar iska, wanda fitocin Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, suke kira bataflai. Idan inji yana kashe, iskar da ke gaban faifan da ta bayansa ƙarfinsu ɗaya ne, don haka ƙafarka da sifirin da ke mayar da totur sama kaɗai take kokawa. Amma idan inji yana aiki ba a taka ba, fistin suna ta zuƙar iska alhali faifan yana kusan rufe, sai matsin da ke bayansa ya ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku na iskar waje. Iskar waje kuwa tana danna kowace santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1, saboda haka faifai mai faɗin santimita 6 yana ɗauke da nauyin da ya kai kilo 18. Da yake sandar da faifan yake juyawa a kanta a tsakiya take, wannan nauyi ba ya hana shi juyawa kai tsaye, amma yana matse sandar a mazauninta har ta riƙa gogawa. Da faifan ya buɗe, bambancin yana raguwa, shi ya sa taurin ya fi yawa a farkon takawa. Wannan zuƙar ce kuma take taimaka wa birki, don haka shi birki laushi yake yi idan an tayar da mota.

Ɗan tauri kaɗan ba laifi ba ne. Abin da ba na yarda da shi shi ne totur ya maƙale sannan ya saki gaba ɗaya, mota ta zabura a cunkoson Kejetia. Wannan yawanci datti ne, wato tururin baƙin mai da ƙurar hunturu sun haɗu sun daskare a bakin faifan, ko kuma waya ta bushe a cikin kubenta. Ka sa fita ya cire wayar daga maƙogwaron, ya juya faifan da hannu, sannan ya ja wayar ita kaɗai, nan take za a san mai laifi. Idan faifan ne a wanke shi a duba matatar iska, idan waya ce ta fara tsinkewa a sauya ta, kada a yaudare ka da ɗigon mai.

Yawancin motocin zamani ba su da wannan waya, na'ura ce take sanar da kwamfutar mota yadda aka taka, don haka totur ɗinsu bai kamata ya sauya ba. Idan kuwa naka ya taɓa ƙin dawowa sama da kansa, kada ka ɗauki fasinja sai an gyara.