Wace motar hannu ce za ta rage mini shan mai a doguwar tafiyar kullum?

Tambaya: Assalamu alaikum. An mayar da ni wurin aiki mai nisan kilomita 60 daga gida, kullum sai na je na dawo. Motar da nake hawa yanzu ta addabe ni da shan mai, shi ne nake son in sayar da ita in sayi wata ta hannu. Wasu sun ce in nemi mai haɗin fetur da batir, wasu sun ce dizal, wasu kuma sun ce duk mai ƙaramin inji ta isa. Yawancin hanyar babban titi ne, sai ɗan cunkoso idan na kusa shiga gari. Wacce ta fi dacewa da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da lissafi, domin shi zai nuna maka girman maganar. Zuwa da dawowa kilomita 120 ke nan, idan ka yi kwana 22 kana aiki ka ci kilomita 2,640 a wata. Motar da ke shan lita 9 a kowace kilomita 100 za ta ƙone maka kusan lita 238, wadda ke shan lita 6 kuma lita 158. Ratar ta kai lita 79 a wata, wajen lita 950 a shekara. Ga mai tafiya irin taka, bambancin lita ɗaya ma abin tsayawa a duba ne.

Ka riga ka faɗi abin da ya fi komai muhimmanci, wato hanyarka babban titi ce. A cikin gari nauyin mota da yawan tsayawa da tashi su ke cinye mai. A babban titi kuwa iska ce abokiyar gaba, kuma idan ka ninka gudunka sau biyu, turjiyarta ninkuwa take sau huɗu. Shi ya sa jif mai tudu da faɗin gaba ba ta dace da kai ba, komai ƙanƙantar injinta. Ka nemi mota mai ƙasa-ƙasa, irin su Toyota Corolla, Honda Civic ko Mazda 3, mai inji da girmansa ke tsakanin lita 1.5 zuwa 1.8. Masu cewa duk ƙaramin inji ya isa sun faɗi rabin gaskiya. Injin lita 1.0 yana da daɗi a gari, amma a gudun kilomita 110 da na'urar sanyi a kunne sai ka danne totur, ga ƙara, ga gajiya, kuma tsimin da kake zato ya ragu. Ka lura da giya ma. Mai giya shida tana barin inji ya rage juyi a doguwar hanya fiye da tsohuwar otomatik mai giya huɗu.

Mai haɗin fetur da batir, wadda Toyota Prius ta shahara da ita tun fitowarta a Japan a 1997, sirrinta shi ne duk lokacin da ka taka birki tana mayar da ƙarfin cikin batir, kuma tana kashe inji idan an tsaya. A cunkoso babu kamarta. A babban titi ba ka yawan taka birki, don haka ratar da ke tsakaninta da ƙaramar motar fetur mai lafiya tana raguwa, duk da cewa har yanzu tana gaba. Idan za ka saye ta, sai an jona kwamfuta an duba lafiyar babban batirin, domin zafi da shekaru suna cinye shi, kuma canjinsa na iya haɗiye ribar man da ka tara.

Dizal a takarda shi ne na doguwar hanya. Litarsa ta fi ta fetur ƙarfi, injinsa kuma ya fi iya tattalinta. Sai dai motocin dizal na Turai daga wajen 2009 suna da matatar hayaƙi a salansa da alluran fesa mai masu tsada, waɗanda ba sa jure gurɓataccen mai. In kana da tabbacin mai mai tsabta da bakaniken da ya ƙware a kansa, bismillah. In babu ɗaya daga ciki, ni dai ba zan tura ka can ba.

Kada ka dogara da adadin da kamfani ya rubuta. Tsohon gwajin Turai, kafin a fara maye gurbinsa a 2017, yakan nuna shan mai ƙasa da abin da ake gani a titi. Sannan wancan adadi na sabuwar mota ne. Taka ta yi shekaru a hannun wani, kuma a nan ne na fi son ka tsananta. Na sha ganin motoci biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, ɗaya na tsimi ɗaya na zuƙa kamar an huda tanki. Sanadin ba ya wuce ƙananan abubuwa: filogi da suka gaji, na'urar auna iskar salansa da ta mutu, birki da ke kama ƙafa, ko tamostat, wato na'urar daidaita zafin inji, da aka cire. Wannan na ƙarshen yana ba ni takaici, saboda ana cire shi ne da sunan maganin zafi, alhali inji ba zai riƙa kai zafin da aka ƙera shi a kai ba, sai kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa mai.

Don haka ka tafi da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. Ku murɗa makulli ku ga fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba ta kama sannan ta mutu bayan an tayar, domin wasu kan cire ƙwan don ɓoye matsala. Ku jona kwamfuta, ku duba takardun sabis, ku kwatanta mitar ƙirga kilomita da yadda sitiyari da feda suka goge. Cin taya ta gefe ɗaya alama ce ta ƙafa ba daidai ba, shi ma yana jan mai. Ka kuma zauna a kujerar da kyau, tunda awa biyu ko fiye za ka riƙa yi a kanta kullum.

Idan ni ne a matsayinka, zan ɗauki mai fetur ta lita 1.6 ko 1.8 wadda aka kula da ita kuma kayan gyaranta ke samuwa kusa, sai in na samu mai haɗin batir da gwaji ya tabbatar da lafiyarta. Kafin ka biya, nemi a bar ka ka gwada ta a babban titi. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, rubuta mita, yi tafiya mai ɗan nisa da gudun da ka saba, ka dawo famfon nan ka sake cikawa. Raba litocin da suka shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Idan ta wuce lita 7 a irin hanyarka, ka nemi wata.