Maganin da na saba ya daina yi wa kajina aiki: in sayi mai ƙarfi ko in kai gwaji?

Tambaya: Ina kiwon kajin ƙwai a Yalwa, cikin garin Bauchi. Da can in sun fara zawo nakan zuba musu oksitetrasaikilin a ruwa su miƙe. Bana na ba su, na sake ba su, ko gezau. Mai shago ya ce in sayi wani mai haɗin kolistin, wai ya fi ƙarfi. Likita kuma ya ce a yi gwaji tukuna. A ina zan sa kuɗina?

Amsa: Malam, Allah ya tsayar nan. Ka bi maganar likita. Da farko ma ba kowane zawo ba ne na bakteriya. Cututtukan kaji irin su Gumboro da Nukasil bairos ne ke kawo su, kashi mai jini kuwa galibi koksi ne, wata cutar hanji da ba bakteriya ke kawo ta ba, kuma duka ukun ba su da haɗi da maganin da mai shago ke miƙo maka.

In kuwa bakteriya ce, kamar ikolai ko salmonela, ga abin da kuɗinka zai saya. A ɗakin gwaji za a buɗe kazar, a lakato daga hanta ko zuciya, a shafa a wani faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a bar shi ya kwana a ɗumi. Da ƙwayar ta tsiro sai a shimfiɗa ta a sabon faranti, a jera mata 'yan takardu zagayayyu, kowacce da nata magani. Bayan awa 16 zuwa 18 a duba. Maganin da ke kashe ta, za ka ga fili fes kewaye da takardarsa, a auna faɗinsa da milimita. Wanda ta daina ji, sai ta tsiro har jikin takardar. Kwana biyu zuwa uku ka san wanda za ka saya.

Inda manoma ke ɓata aikin shi ne wajen kai samfur. Ka ɗauki wadda ta mutu yanzun nan ko mai ciwo da ranta, zai fi kyau wadda ba ta sha magani ba. Ka sa mushen a leda cikin kula mai ƙanƙara, ban da firiza. Wadda ta kwana a zafin Bauchi ta kumbura ba ta da amfani. Fara da asibitin dabbobi na jiha. In abin ya fi ƙarfinsu, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa tana Vom, gaba da Jos kaɗan.

Kolistin ɗin nan kuwa, don Allah ka bar shi. Yana cikin magungunan ƙarshe da ake ceto ɗan Adam da su a asibiti in sauran sun gaza, kuma tun 2015 aka gano a Sin cewa bakteriyar dabbobi na miƙa wa junansu dabarar jure masa. Abin na damuna ƙwarai, ganin yadda ake sayar da shi kamar gishiri.

Kada ka yar da takardar sakamako. Ka ajiye ta tare da littafin da kake rubuta kowane magani da ranar da ka ba da shi, badi ka gwada da sabuwa.

Tambaya: Ina Gombe, kajina na shan magani. Zan iya ci gaba da sayar da ƙwan?

Amsa: Hajiya, duba jikin ledar maganin. Akwai inda aka rubuta kwanakin da za a jira bayan shan ƙarshe, wasu ma an rubuta kada a ba kaji masu ƙwai sam. Kafin kwanakin su cika, ƙwan na ɗauke da ragowar magani, kuma dafawa ba ta tabbatar da ya fita. Kada ki sayar, kada yara su ci. Nan gaba kafin ki biya, ki nemi lambar NAFDAC da wannan rubutun. Ledar da ba ta da su ki mayar wa mai shago.