Ba da labarin gobarar gidanmu ƙorafi ne ga ƙaddara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina ƙarama gidanmu ya yi gobara cikin dare, komai ya ƙone, ƙanin mahaifina ya rasu a ciki. Har yau da ita muke lissafi: an haifi wance kafin gobara, wane ya yi aure bayan gobara. Mahaifiyata tana ajiye da wani akwatin ƙarfe da wuta ta lanƙwasa murfinsa, takan nuna wa jikoki. Ina so in rubuta labarin saboda yaranmu, amma yayana ya ce tuna baya ƙorafi ne ga ƙaddara. Kuma a labarin ana cewa gwaggonmu, Allah ya jiƙanta, ita ta bar kyandir a kunne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan baffanki da gwaggonki. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, daga Jabir ɗan Atik, cewa Annabi (SAW) ya lissafa wanda gobara ta kashe cikin shahidai, muna fatan Allah ya ba baffanki wannan matsayi.

Ki rubuta, 'yar'uwa, babu laifi. Yayanki ya haɗa abu biyu ne da shari'a ta raba: ba da labarin musiba, da yin fushi da wanda ya ƙaddara ta. Nana A'isha ta tambayi Annabi (SAW) ko ya ga ranar da ta fi ta Uhudu tsanani, bai ce mata a bar tuna baya ba, ya ba ta labarin yadda aka ƙi shi ya juyo cikin baƙin ciki, bai farga ba sai a wani wuri da ake kira Ƙarnus Sa'alib. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito.

Ita kanta gobara, su biyun sun ruwaito daga Abu Musa Al'ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka ba Annabi (SAW) labari sai ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Ki duba: labarin gidan wasu ne, sahabi ya riƙe, aka yi ta ruwaitowa har ya iso mu. Da haramun ne da bai shiga littattafan hadisi ba. Malaman tarihi ma sun rubuta gobarar Masallacin Annabi ta shekarar 654 bayan hijira da ta 886.

Lissafi da gobara kuwa tsohuwar hanya ce. Da Shekarar Giwa ake faɗin haihuwar Annabi (SAW), farin da aka yi zamanin Umar a shekara ta 18 har yau Shekarar Toka ake kiransa. Akwatin ma halas ne, matuƙar ba a ɗauke shi kariya ko abin neman albarka ba.

Inda yayanki yake da gaskiya shi ne idan labarin ya koma "da an yi kaza da bai mutu ba". A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, wannan "da" tana buɗe aikin Shaiɗan, abin faɗa shi ne Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so ya aikata. Haka ware ranar gobarar duk shekara a sabunta makoki, ba shi da asali. Addu'a da sadaka ga mamatan kuwa ba su da keɓantacciyar rana.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai maganar gwaggonki ce, wadda kika sako a ƙarshe kamar ƙarin bayani. Wa ya gan ta? Sau da yawa dalilin gobara zato ne da wani ya furta cikin ruɗani da safe a kan toka, ya bi baki har ya zama tarihi. In zato ne, rubuta shi ƙazafi ne ga wadda ba ta da bakin kare kanta. In ma ya tabbata, mantuwa ce, kuma a ƙarshen Suratul Baƙara an koya mana roƙon kada a kama mu da mantuwa ko kuskure. Bukhari ya ruwaito daga A'isha hanin zagin matattu. Magana a tsakar gida takan shuɗe, rubutu kuwa zai kai ga jikokinta, su tashi ana nuna su da shi.

Saboda haka ki rubuta cewa wutar daga kyandir ta tashi, idan kun tabbatar, ki cire sunanta daga wannan gurbin. Ki ambaci waɗanda suka ɗebo ruwa, da wanda ya ba ku masauki a daren. Kafin ki raba wa dangi, ki karanta wa mahaifiyarki da 'ya'yan gwaggon su ji.

Allah ne mafi sani.