Yadda malami zai auna koyarwarsa da kansa

Malama, kin tambaya yadda za ki gane ko koyarwarki ta yi daidai da abin da kika yarda da shi game da karatu. Ki fara rubuta ra'ayin naki a layi ɗaya, misali "yaro ya fi ganewa idan shi ya yi bayani da bakinsa". Sai ki ajiye waya a kan tebur ki naɗi darasi guda, da izinin makaranta, ki saurara daga baya kina lissafa minti nawa kika yi magana, nawa yaran suka yi.

Da na gwada, muryata ta cinye kusan dukan darasin, alhali kullum ina cewa ajina na tattaunawa ne. Abin da ya fi damuna, ina yin tambaya, kafin yaro ya buɗe baki na riga na amsa. Binciken wata masaniyar ilimi, Mary Budd Rowe, a Amurka, a shekarun 1970, ya nuna malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka kai 3 amsoshin yara kan ƙara tsawo. Amma kada ki naɗi darasin da kika shirya wa musamman. Ki zaɓi na ranar da kika shiga aji a gajiye.