Na Kalli Rana ta Cikin Kyamara da Filta, Yanzu Ɗigo Ya Ƙi Barin Idona

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan ina ɗaukar hotunan duwatsu da sarari da kyamara mai madubi. Wata mai zuwa zan je Namibiya don tsaunukan yashin Sossusvlei, har na sayi dogon gilashi mai kai wa milimita 400. A zaurenmu na WhatsApp wani ya ce in dai na ɗaura filtar ND (baƙar filta mai rage haske) mai mataki 10, na matse ƙofar haske zuwa f/22, zan iya kallon rana ta tagar leƙe ba abin da zai same ni. Shekaranjiya da la'asar sakaliya na gwada, na daɗe ina daidaita hoton, ban ji zafin komai ba. Amma tun daren nan akwai wani ɗigo mai duhu-duhu a tsakiyar idona na dama, in ina karatu sai harafi ɗaya ya ɓace. Hankalina ya tashi ƙwarai. Zai wuce da kansa? Kuma yaya zan ɗauki rana ba tare da sama ta yi fari fat ko dutse ya yi baƙi ƙirin ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya sawwaƙe, Ya ba ka lafiya. Ajiye maganar hoto tukuna, ka je wurin likitan ido yau ko gobe da safe. Inuwar da kan rage a ido bayan an kalli haske mai ƙarfi cikin 'yan mintuna take gushewa. Taka ta kwana biyu, a tsakiyar gani take, har tana cinye maka harafi. Wannan ya yi kama da ƙunar da rana kan yi wa tantanin bayan ido, kuma likita ne kaɗai zai tabbatar, da na'urar da ke ɗaukar hoton tantanin. Ka gaya masa gaskiya tsaf: tsawon gilashin, irin filtar, da kusan minti nawa ka yi kana leƙe. Da yawa daga masu irin wannan rauni ganinsu kan gyaru cikin makonni ko watanni, wasu kuma ɗigon kan zauna musu. Kar ka ɗiga komai a idon da sunan magani. Raunin can ciki yake, a bayan ido, abin da aka ɗiga a waje ba ya kai wa gare shi, sai dai ya ƙara maka wani ciwon.

Yanzu maganar wanda ya ba ka shawarar nan. Wallahi na gaji da jin ta. Kusan duk ajin da na koyar sai wani ya ɗaga hannu ya ce ai in filta ta yi duhu sosai an tsira, kuma in ka bi sawun maganar sai ka tarar daga bakin wanda bai taɓa karanta takardar da ke cikin kwalin filtarsa ba ta fito.

Mu yi lissafin da bai yi ba. Filtar ND mai mataki 10 tana barin kashi ɗaya cikin 1,024 na hasken da ido ke gani ya wuce. Filtar da aka ƙera don kallon rana kashi ɗaya cikin kusan 100,000 take bari, wato mataki 16 da ɗoriya. Ke nan taka tana shigo da ninki kusan ɗari na abin da aka yarda ido ya ɗauka. Wannan ma kan hasken da ake gani ne kawai. Rana tana zubo infared, wanda ido ba ya gani, kuma ba a ƙera filtar ND don ta tare shi ba. An yi ta ne don ruwa ya yi laushi a hoto, gajimare ya ja layi. Ka taɓa lura hoton da aka ɗauka da ND mai duhu sosai yakan fito da ja-ja ko ruwan ƙasa? Sau da yawa infared ɗin ne ya ratsa filtar ya sauka kan sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara. To haka yake ratsawa ya sauka cikin idonka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne duhun filtar yana kashe mai gadin da Allah Ya sa wa ido. In ka ɗaga kai ka dubi rana tsirara, ko ba ka so sai ka rintse ka kau da kai. Da ka sa abu mai duhu, ƙyallin ya ragu, ƙwayar ido ta ƙara buɗewa, sai ka zauna kana kallo hankali kwance, kana juya zoben daidaita gani. Kuma tantanin bayan ido ba shi da jijiyar jin zafi. Shi ya sa ka ce ba ka ji komai ba, kuma na yarda da kai. Ba wanda yake ji. Sai bayan sa'o'i alamar take bayyana, lokacin aikin gama ya gama.

Batun f/22 kuwa, mai shawarar bai san kyamarar da ke hannunsa ba. A kyamara mai madubi ƙofar haske a wangale take duk lokacin da kake leƙe, ko da ka saita f/22. Ba ta matsewa sai a ɗan ƙiftawar da ka danna maɓalli, ta sake buɗewa. An yi haka ne don tagar leƙe ta yi haske, kyamara kuma ta iya daidaita gani. Saboda haka lambar da ka gani a allo ba ta kare ka da komai ba. Gilashi mai milimita 400 a f/5.6 bakinsa ya kai faɗin milimita 71. Ƙwayar idon mutum da rana kusan milimita 3 ce. In ka kwatanta filin biyun, gilashin yana tattara ninki fiye da 500 na hasken da idonka zai tara shi kaɗai, madubi ya karkato shi sama, ya miƙo maka. Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma ya san abin da ake nufi, sai dai a nan idonka ne a wurin takardar.

Wani zai ce to ai na haɗa filta biyu, ko na sa tabarau na rana a kai, ko filtar da ke kashe ƙyallin ruwa. Wani ya ce baƙin fim na hoton asibiti, wani faifan CD, wani gilashin da aka shafa wa hayaƙi. Duk tarkace ne, kuma duk suna da illa iri ɗaya, wato su rage ƙyalli su bar abin da ke ƙonawa. Har tabarau na kallon husufi na gaske, masu lambar ISO 12312-2, an yi su ne don ido kai tsaye. In ka sa su ka leƙa ta cikin kyamara ko madubin hangen nesa, hasken da gilashi ya tattara zai iya huda su ya shiga. Filtar rana a gaban gilashi take zama, a ɗaure ta yadda iska ba za ta cire ba, a kuma ɗaga ta a duba ko akwai huji kafin kowane amfani. Ka karanta kwalin ma da kyau: kamfanin Baader yana da mai lamba 5.0 wadda aka yi don kallo, da mai lamba 3.8 wadda ta ɗaukar hoto ce kawai, ba a kallo ta cikinta.

Ita kanta kyamarar ba ta tsira ba. Bayan husufin da ya ratsa Amurka ranar 21 ga Agustan 2017, kamfanin hayar kayan hoto na Lensrentals ya nuna wa duniya kayan da aka dawo masa da su: sensa da ta ƙone, madubi da ya lalace, ganyayen ƙofar haske da suka narke. Cikinsu akwai gilashi mai milimita 600 wanda aka sa wa filta ta baya. Kyamarar ta tsira, amma ƙofar hasken da ke gaban filtar ta soye. Ni ma na gani da idona. Wani ɗalibina ya kafa kyamara kan ƙafa uku tana duban gabas, ya cire murfi, ya koma mota ɗauko batir. Kafin ya dawo rana ta shigo. Warin ƙonanniyar roba muka fara ji, da muka cire gilashin sai ga wani tabo ya kumbura a gefen akwatin madubi, kamar an ɗora masa bakin sigari. Masu kyamara marar madubi su ma kar su saki jiki. Idonsu ya tsira tunda ƙaramin allo suke kallo, amma sensarsu a buɗe take tana shan rana muddin kyamarar na kunne.

Akwai masu cewa ranar safe da ta yamma ba ta da kaifi. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, shi ya sa maganar take cutarwa. In rana na daf da ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai kaurin kusan ninki 38 na wadda yake ratsawa in tana tsaka, shuɗi ya watse a hanya, ja ya iso. Amma ba ta daɗewa a can. A wajen Sossusvlei kafin minti 30 da fitowa ta haura digiri 6, iskar hamada kuma busasshiya ce, sau da yawa garau. Babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa ta ce maka daga nan haɗari ya fara. Don haka dokata ga ɗalibai ɗaya ce: in rana na cikin hoto kuma gilashin dogo ne, ido ba ya zuwa tagar leƙe. A yi aiki da allon baya, a ɗauka cikin 'yan daƙiƙu, a kau da kyamarar, a mayar da murfi. In ƙwallon ranar kake so ta cika hoto bayan ta ɗaga, sai da filtar rana.

To, ga tambayarka ta biyu, kuma a nan nake so ka sauya tunani. Yawancin hotunan hasken rana da suka yi suna, ranar ba ta cikinsu. A gandun Yosemiti na Amurka, daga tsakiya zuwa ƙarshen Fabrairu, mutane kan yi dafifi don ruwan Horsetail da ke zubowa daga dutsen El Capitan ya koma kamar narkakkiyar wuta na kusan minti goma. Hoton da mai ɗaukar hoto Galen Rowell ya ɗauka a 1973 shi ya fito da wurin, kuma abin da ke ciki ruwa ne da dutse. Duwatsun Dolomite na Italiya kan yi ruwan hoda bayan rana ta faɗi. Inda za ka ma haka ne. A Deadvlei da ke kusa da Sossusvlei, da sassafe, rana kan haska jan tsaunin yashi alhali farin fako da matattun itatuwan da suka yi ɗaruruwan shekaru a tsaye suna cikin inuwa. A nan milimita 400 ɗinka zai yi maka aikin da ka saye shi dominsa: ka juya wa rana baya ko ka bar ta a gefe, ka matso da tsaunin, ka kama layin da ya raba ɓangaren haske da na inuwa a doron yashin. Hasken gefe shi ke fito da kowace kunya da iska ta zana. Da rana ta yi sama, duk ya baje, yashin ya koma launi ɗaya.

Ka lissafa lokaci tun daga gida. Daga ƙofar Sesriem, mashigar gandun, zuwa Sossusvlei kusan kilomita 60 ne, tsaunin Dune 45 ma sunansa daga nisansa da ƙofar ya samo. Ƙofar waje sai rana ta fito ake buɗe ta, waɗanda suka kwana a ciki ne ke samun fita da wuri. Wanda ya kwana a waje, kafin ya isa Deadvlei mafi kyawun hasken ya ragu. Aislan ce ake samun hasken zinare na sa'o'i a tsakiyar bazararsu, don rana a karkace take tafiya. A Namibiya abin na minti talatin zuwa arba'in ne.

Farin sama da baƙin dutse kuwa, tazarar hasken ce ta fi ƙarfin sensa a ɗauka ɗaya. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, ka auna haske daga sararin sama, ka duba histogiram, zanen da ke nuna rabon haske da duhu a hoto, kar ya manne a bangon dama, sannan ka ɗaga inuwa a kwamfuta. Abin da ya yi fari fat ya tafi ke nan, inuwa kuwa tana dawowa. In tazarar ta yi yawa, kafa ƙafa uku ka ɗauki hotuna uku, mataki biyu-biyu tsakaninsu, ka haɗa daga baya. Kar kuma ka ɗaga inuwar har ta ƙare. Rabin kyawun tsaunin yashi a baƙin ɓangarensa yake.

In kana son ranar a ciki, koma faffaɗan gilashi. A milimita 16 ƙwallonta a kan sensa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, a 400 kuwa ya kusa milimita 4. Haka ake ɗaukar bakan dutse na Mesa Arch a jihar Yuta ta Amurka da asuba: rana na leƙowa ta gefen dutse, an matse zuwa f/16, ta fito da tsinkaye kamar tauraro. Ka bar dutse ko itace ya rufe yawancinta, ka goge gilashin don ƙura ɗaya tana zama tabo, ka cire duk filtar da ba dole ba. Nan ma ta allon baya, ba ta tagar leƙe ba.

Ka koma zauren nan ka rubuta musu abin da ya same ka, da sunan filtar da tsawon gilashin, don akwai wanda ya karanta shawarar nan yana jiran ranar da zai gwada. Batun tafiya kuma ka bari sai ka ji ta bakin likita, ka tambaye shi musamman game da tuƙi da kuma ƙyallin farin fakon Deadvlei. Allah Ya mayar maka da ganinka.