Me ya sa muke riƙe da tsofaffin shafukan bayani

Ƙanena,

Jiya bayan La'asar, muna shirin rufe shago, ka ce: "Oga, me zai hana mu goge bayanin tsofaffin fitowar manhajar nan mu bar na sabuwa kaɗai? Gyara ɗaya sai na kai shi wuri uku." Na ce ka bari in samu natsuwa, don tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye.

Ka san masu gyaran injin ban-ruwa a Argungu. In manomi ya kawo injin da ya saya shekara takwas baya, mai gyara ba ya ɗauko littafin sabon samfuri ya ce da shi zai kwance shi. Kusoshin ma ba ɗaya ba ne. Mai amfani da manhaja haka yake: abin da ke cikin kwamfutarsa shi ne nasa, ba abin da muka fitar makon jiya ba. Kuma kar ka ce laifinsa ne da bai sabunta ba. Data na da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuma babu akawun da zai yarda a taɓa masa manhajar lissafi ana tsakiyar kakar shinkafa.

Ni kaina sai da na ƙone hannu kafin na gane. A fitowarmu ta 2.0 mun canza sunan umarnin da ke ajiye kwafin bayanai. Don zumuɗi na bi dukkan rassan, wato kwafin aikin da muke ajiye wa kowace fitowa, na sa sabon suna, har da shafin tsohuwar fitowa ta 1.4. Bayan kwana huɗu sai ga akawun wani injin casar shinkafa daga Jega, ya naɗo kwamfutarsa cikin sallaya, ya biya kuɗin mota har Birnin Kebbi. Ya bi shafinmu harafi da harafi, kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba, ya ɗauka ita ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Shafina ne ya yi masa ƙarya. Har yau in na tuna fuskarsa lokacin da na faɗa masa, kunya nake ji.

Duba yadda manya ke yi. A Django, kayan gina shafukan intanet da muke aiki da shi kullum, da can url() ake rubuta hanyoyin shafi da shi. Fitowa ta 2.0, a Disambar 2017, ta kawo path(). A 3.1 aka sanar cewa tsohon na kan hanyar fita, sai a 4.0, Disambar 2021, aka cire shi. Amma je ka buɗe bayanin 3.2 yanzu, yana nan, ba wanda ya goge shi. Abin da suka yi kawai, sun ɗora gargaɗi a samansa cewa an daina kula da wannan fitowa, a sabunta. Python, harshen rubuta manhaja, shi ma haka: an daina kula da Python 2 ranar 1 ga Janairu 2020, bayaninsa kuwa na nan ga mai bukata.

To ga yadda nake so hannunka ya saba. In ka ga abin gyara, fara tambayar kanka: kuskure ne, ko sabon abu? In kuskure ne, kamar misalin da ba ya aiki ko jimlar da ke ɓatar da mutum, gyara shi a babban reshe tukuna, wato wanda fitowa ta gaba za ta fito daga cikinsa. Daga nan ka duba ko kuskuren na cikin rassan da har yanzu muke kula da su, ka tsinto gyaran ka kai musu da umarnin git cherry-pick -x, mai kwafe gyara daga reshe zuwa reshe. Wannan -x ɗin kar ka manta da shi, shi ke rubuta inda gyaran ya fito, don wanda zai zo bayanka ya iya bin sawu. In ka fara daga tsohon reshe, wata rana za ka manta da babban, kuskuren ya sake bayyana a fitowa ta gaba. In kuwa sabon abu ne, ba ya komawa baya ko kaɗan. Ya zauna a babban reshe, ka rubuta a gefensa "an ƙara a 2.1" ko "an canza a 2.1". Sphinx, manhajar haɗa shafukan bayani, na da umarnin yin haka, versionadded da versionchanged.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne gwaji. Kar ka aiko min gyaran shafin 1.4 alhali a 2.1 ka gwada misalin. Sauke 1.4 ɗin, ka buga abin da ka rubuta da yatsunka, ka ga ya yi. Minti goma ne. Sannan duk ranar da ka canza wani abu a cikin manhajar, gyaran bayaninsa ya biyo shi cikin aike guda. "Zan rubuta daga baya" ba na karɓarsa, don na san ƙarshensa.

Shafukanmu na Hausa kuma ka sa musu ido sosai, su ne suka fi zama a baya. In na Turanci ya canza ba ka samu lokacin fassarawa ba, rubuta a saman na Hausar wace fitowa yake bayani a kai. Mutanenmu da yawa shi kaɗai suke karantawa.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya: ba za mu iya ɗaukar kowane reshe har abada ba, mu uku ne kacal. Django da yawan jama'arsa ma shekara uku yake ba fitowarsa mai dogon zango. Mu kuwa rassa biyu na baya-bayan nan za mu riƙe, sauran mu sa musu gargaɗi mu bar su yadda suke.

Gobe in Allah ya kai mu, ka fara da shafin girkawa na 1.4. Na sa tsohuwar kwamfutar akawun nan a ƙarƙashin tebur, ya bar mana ita da ya sayi sabuwa. A kanta za ka gwada.